Wutsiyar jirgina ta daina rawa, amma sai da na ƙona sarbo

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da hunturu. Wancan karon na bar ku a kan cewa ɗan jirgina mai saukar ungulu na rimot yana tashi, sai dai wutsiyarsa tana kaɗawa kamar ta karen da ya hango mai shi. Yau sati bakwai ke nan ina fama da ita.

Ga wanda bai san jirgin ba: ajin 450 ne, kowane fiffike na babbar farfela milimita 325, batirinsa LiPo mai ɗaki uku, bolt 11.1. Jairon, wato ƴar na'urar da ke jin juyin jirgi, na wutsiya ne kaɗai, tsohon yayi, Futaba GY401, na hannu na saye shi. Aikinsa ba wuyar fahimta. Babbar farfela tana bin hannun agogo in ka leƙo ta sama, gangar jirgin kuwa sai ta nemi juyawa hagu. Ƙaramar farfelar wutsiya ke tare ta. To amma duk sanda ka ƙara wuta ko iska ta bugo, ƙarfin nan ya canza, kuma babban yatsanka ba ya da saurin bin sa. Jairo ne ke jin juyin, ya umarci sarbon wutsiya, wato ɗan injin da ke karkata fukafukan ƙaramar farfelar, ya gyara tun kai ba ka gani ba.

Gwajin farko a kan tabarma na yi shi, bayan na cire wayoyin moto. Kada ku raina cire wayoyin nan, farfelar tana tsaga yatsa. Na kama jirgin na karkata hancinsa hagu da sauri, ina kallon sarbo. Dole ya tafi wajen da yake zuwa in ka tura sandar rimot dama. Nawa ya tafi akasin haka. Da na tashe shi a haka, da ya yi ta juyi kamar katantanwa har ya watse. Ɗan makunnin alƙibla da ke jikin jairon na juya, shi ke nan.

Kusa da wannan makunnin akwai wani mai rubutun DS, kuma nan na yi wa kaina. Na sarbon dijital ne, yana aika umarni da saurin da sarbo na gargajiya ba ya ɗauka. Ni kuwa na ce bari in kunna ko wutsiya ta ƙara kaifi. Sarbon ya yi ta ƙugi, ya ɗau zafi, sai warin roba. Na kai wa wani mai gyaran salula a babbar kasuwa, ya buɗe, ya sunsuna, ya miƙo mini ya ce, “Malam, wannan sai dai a yi masa addu'a.” Kwana goma sha biyu na jira kafin wani direba ya kawo mini na dijital daga Kano.

Sabon sarbo bai hana rawar ba. Abin da kowa zai ce maka shi ne ka rage ƙarfin jin jairo, kuma gaskiya ne, in ya yi yawa wutsiya tana karkarwa. Na rage daga 70 a rimot ɗina zuwa 60, tana rawa. Na sauko 45, rawa ta tsaya, amma da na ƙara wuta sai hanci ya zame hagu kamar ba jairo. Tsakanin biyun babu wurin tsayawa. Na fara zargin jairon ya tsufa, har na soma tambayar kuɗin irin na zamani masu kula da jirgi ta fuska uku, su Microbeast da VBar.

Allah ya sa aljihu bai yarda ba. Ran nan da dare na ɓalle sandar da ta haɗa sarbo da wutsiya, na tura ta da yatsa. Ƙiris, ƙiris, tana tafiya tana cijewa. Na haska tocila a kan ɗan ƙarfen da zoben wutsiya, wanda sandar ke turawa, ke zamewa a kai, sai ga wani baƙin kwaɓi. Man keken ɗinki da na ɗiga da hannuna ne ya haɗu da bujin Maradi, suka zama kamar tokar wanke tukunya. Jairo ya ba da umarni, zobe ya cije, ya ƙara umarni, zobe ya kuɓuce ya wuce wuri, ya dawo da shi, haka dai. Rawar ke nan. Na kwance komai na wanke da alkol da tsohon burushin haƙori, na bar shi a bushe ba mai, har sandar tana zamewa da nauyin kanta in na karkata jirgin. Na kuma matso da ƙwallon hannun sarbo, inda sandar ke maƙalewa, rami ɗaya ciki, na sake sabon soso mai gam a ƙarƙashin jairon don tsohon ya saki gefe guda.

Daga nan saiti ya zo da sauƙi. Na fara da yanayin da jairo ke rage juyi kawai, na ɗaga jirgin kamar tsayin gwiwa, ina gyara tsawon sandar da ta haɗa sarbo da wutsiya har hanci ya daina zamewa. Sannan na koma yanayin riƙe alƙibla, wanda Futaba ke kira AVCS. A nan ba a taɓa madaidaitan rimot, wato ƴan maɓallan gyara tsakiya da ke gefen sandunansa, kuma duk haɗin da ke ƙara wa wutsiya ƙarfi in an ƙara wuta a kashe shi. In kun ga sarbo ya tsaya gefe bai dawo tsakiya ba alhali jirgin yana ajiye a ƙasa, lafiyarsa lau, haka yanayin yake. Ku kaɗa sandar rimot hagu da dama kafin tashi.

Lahadi da sassafe muka je filin ƙwallon unguwa da ɗan ƙanwata, kafin iska ta taso. Na shimfiɗa kwali saboda rairayi. Ina jona batir yaron ya ɗauki jirgin wai zai taimaka. Na ce ajiye, jairo yana son daƙiƙa uku ba motsi, a nan yake koyon mene ne tsayuwa. Muka cire muka sake jonawa. Da ƙarfin ji a 65 ya tashi, wutsiya tana kallona kamar an kafa ta da ƙusa, minti huɗu cur. Yaron ya ce, “Kawu, yau ba ta gaishe mu ba.”

Saura abu guda. Sau biyu wutsiyar ta yi wata ƴar zabura ba dalili. Ina zargin bel ɗin da ke cikin bututun wutsiya, mai juya ƙaramar farfela, ne ke tara lantarki saboda bushewar iska, irin wanda ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi cikin duhu. Na yanko ƴar waya zan haɗa bututun da mazaunin moto, Lahadi mai zuwa in sha Allahu in gwada da batir biyu.