Wasiƙa daga Landan: tsoron da ke shiga ta kunne

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Ina gaishe ku daga gabashin Landan. Ranar Asabar na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Leytonstone, unguwar da aka haifi Alfred Hitchcock, mai ba da umarnin finafinan ban tsoro, a 1899. A bangon hanyar fita an jera hotuna 17 da aka haɗa da 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi, yawancinsu daga finafinansa. Na daɗe tsaye gaban na Psycho, mutane suna ta ratse ni suna wucewa. Bango ne kawai, amma wallahi sai da kunnena ya jiyo kukan gogen nan.

Wanda ya kalli fim ɗin na 1960 ya san abin da nake nufi. Mace tana wanka, inuwa ta bayyana bayan labule, sai gogen Turawa ya ɗauki tsuwa kamar ana kartar ƙarfe da wuƙa. Bernard Herrmann ne ya tsara kiɗan fim ɗin, da kayan tsirkiya zalla, ba ganga ba ƙaho. Da farko ma Hitchcock cewa ya yi kada a sa kiɗa a wurin wankan. Herrmann ya yi gaban kansa ya tsara, ya kunna masa, maigidan ya ji ya sauko. Ku gwada kallon wurin nan ku kashe sauti. Da kyar za ku ga wuƙar ta taɓa jiki, gogen ne ke yin sukar.

Ni dai wanda ya fi kama ni shi ne The Man Who Knew Too Much na 1956. A zauren Royal Albert Hall, nan cikin Landan, ana tsakiyar wasan kaɗe-kaɗe, mai kisa ya laɓe da bindiga yana jiran lokacin da za a gwara faifan tagulla biyu, don ƙarar ta rufe harbinsa. Mai kallo ya riga ya sani. Mintuna suna ta tafiya ba a jin maganar kowa sai kiɗa, idonka na kan mutumin da ke zaune da faifan nan a kusa da shi, kana ƙirga numfashi. Wanda ke jagorantar makaɗan a fim ɗin kuwa Herrmann ne da kansa.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda suka rabu. A 1966 Hitchcock ya ƙi kiɗan da Herrmann ya yi wa fim ɗinsa Torn Curtain, daga nan ba su sake aiki tare ba, bayan sun ba duniya Vertigo da North by Northwest. Herrmann ya rasu a 1975, Hitchcock a 1980.

A gaida mutanen gida, manya da yara.

Naku, daga Landan.