Sagaruna sun shiga cikin manya, bayan an sha fama da jar kaza

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Alhamdu lillahi, sagarun Noiler ɗin (irin kajin nan da aka inganta, masu saurin girma fiye da na Hausa) da nake ta ba ku labari sun haɗe da kajin Hausa na gidan nan. Tare suke kiwo, tare suke shiga akurki da magariba, ba mai fige wani. Daɗin da nake ji Allah kaɗai ya sani, don akwai lokacin da na yanke ƙauna, har na fara tambayar kuɗin gina musu akurki na daban.

Maganar ɗumama 'yan tsaki da rigakafin cutar Gumboro da Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, ba sai na maimaita ba, duk kun wuce nan. Abin da zan ƙara shi ne manyan ma sai da aka yi musu rigakafin Newcastle kafin in bari su kusanci juna, irin I-2 ɗin nan na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato da ake ɗigawa a ido, wanda yake jure zafi fiye da Lasota. Kazar da ke fita yawo tana cuɗanya da na maƙwabta za ta iya kwaso cuta ba ta nuna komai ba. Daga nan na raba kusurwar tsakar gida da ragar waya, ƙananan a ciki, manyan a waje, suna kallon juna, ina watsa tsaki a bakin ragar ta kowane ɓangare don su saba cin abinci kusa da juna. Har nan lafiya lau.

Da suka kai wajen mako 12 na buɗe ragar. A lokacin sun kamo kajin Hausa a girma, wasu ma sun fi su nauyi. Ana yawan cewa a jira sai girman ya zo ɗaya, to ga Noiler wannan ma'aunin bai isa ba. Jikin babba ne amma har yanzu kukan tsako suke yi, ba su san ramuwa ba, ba su iya tashi su haye katanga ba kamar 'ya'yan kazar Hausa da suka taso a bayan uwa. In an sare su sai su cusa kai a lungu su tsaya cak.

Yawancin manyan sun yi 'yar korarsu ta nuna isa suka haƙura. Wata jar kazata ce ta ƙi. Ita ce babba a akurkin, kuma salon nata daban ne, shi ya sa ya daɗe yana ba ni wahala. Ba ta cika bin su da gudu ba. Wajen ruwa take zuwa ta tsaya, tana ɗan tone-tone kamar ba ruwanta, duk sagarar da ta matso sai ta ɗaga wuya kawai, ita kuma ta juya. Mai wucewa zai ce zaman lafiya ake. Ga zafin bazara, da azahar sai in tarar da su a gindin bango baki buɗe, fikafikai a sake, alhali ga ruwa cike. Da dare na riƙa kama su ɗaya-ɗaya ina taɓa jakar abincin nan ta ƙasan wuya. Ta manyan tam, ta ƙananan kuwa kusan wayam. Don Allah duk mai haɗa kaji ya riƙa yin wannan dubawar, ita ce ke faɗa maka wa ya ci wa bai ci ba.

Na ƙara mazubin ruwa na biyu. Sai ta koma sintiri tsakaninsu, tunda daga inda take tana hango duka biyun. Na bi shawarar ɗora su kan sandar kwana cikin duhu, gari na wayewa aka koma gidan jiya. Wani ya ce in shafa musu abu mai wari iri ɗaya su duka, wannan kam bai yi komai ba, don da ido kaza ke gane 'yar uwarta, ta kai da tukku da zanko.

A cikin haka na rasa guda. Ƙishi ya sa ta kutsa, aka fasa mata ƙeya, kuma kun san kaza da jan abu, da jini ya fito sauran ma suka taru a kanta. Kafin a ankara ta galabaita. An wanke, an shafa shuɗin maganin nan na GV, an ware ta, amma ba ta kwana ba. Ranar ban iya cin abincin kirki ba. Ita ce mafi girma a cikinsu, na raine ta tun tana kwana ɗaya, ga abincin da ta ci a wannan tsadar. Buhun grower, abincin kaji masu tasowa, mai kilo 25 na ƙarshe N21,500 na saye shi.

Masu ba da shawara sun kasu biyu, masu cewa a yanke wa jar kazar baki da masu cewa a sa mata wuƙa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Ba ni da mai kwanci kamarta, ita nake sa wa ƙwan zabi da damina ta ƙyanƙyashe ta raina, kuma tsaurin idon nan nata shi ke sa shirwa ba ta samun sa'ar 'ya'yanta. Kazar da ke kiwo a ƙasa kuma in ka taɓa mata baki ka rage mata neman abinci. Dabarar barin 'yar ƙofa da ƙanana kaɗai za su iya shiga ita ma ba ta yi mini ba, domin duk ramin da Noiler za ta bi, kazar Hausa za ta bi shi a sake.

Abu biyu ne suka warware matsalar. Na jingina tsohon kwanon rufi a tsakiyar wurin, na sa wani a bayan rumbu, kowanne da ruwa da abinci a bayansa, yadda ba inda kaza ɗaya za ta tsaya ta hango su gaba ɗaya. Sannan na ɗauke jar kazar na kai ta keji a zaure, inda ba ta ganin su ba sa ganin ta, da ruwanta da abincinta, kusan mako guda. Tana barin wurin sagarun suka faɗa kan ruwa, har tausayi suka ba ni. Kafin ta dawo baƙar kaza ta karɓe gaba, ƙananan sun san kowane lungu, muryarsu ta fara buɗewa. Da aka sako ta, neman matsayinta a cikin manya ya ɗauke mata hankali. Ta kara da baƙar, zakara ya shiga tsakani, shi ke nan. Yanzu in ta ɗaga wuya sukan kauce, amma su zagaya bayan kwano su sha.

Abincin ne ke ci mini aljihu. Ba zan ba sagaru layer, abincin kaji masu ƙwai, ba tun ba su fara ƙwai ba, sinadarin kalsiyam ɗin da ke ciki ya yi musu yawa, yana taɓa ƙoda. Don haka kowa grower yake ci, masu ƙwai kuma na ajiye musu gasasshen ɓawon ƙwai dakakke a wani kwano. Kajin Hausan da da dusa da tsaki suke ƙoshi sun ɗanɗana sun ƙi komawa, buhu ba ya jimawa. Sai da yamma nake cika musu da dusa da ɗan gero.

Saura biyu da har yanzu a ƙasa suke kwana, zan ƙara musu sanda mai faɗi ƙasa-ƙasa saboda nauyinsu. Ina kuma duba kashinsu kowace safiya tunda sun taka sabuwar ƙasa, amprolium, maganin cutar kashin jini, na nan a ajiye ko da za a ga jini. Wanda ya taɓa haɗa Noiler da zabi a akurki ɗaya ya taimaka mini da yadda ya yi, don da an yi ruwan farko zan sa wa jar kazar ƙwan zabi.