Maƙabarta, nama da ɗakin ibada

Idan baƙo ya samu wurin kwana a New York, sauran damuwarsa uku ce: inda zai yi ibada, naman da zai ci hankali kwance, da inda za a binne shi idan ta Allah ta kasance. Mu Hausawan Bronx, na Kumasi da na Damagaram da na Kano, kullum zancen ke nan bayan Juma'a.

Aikin kai saƙo ne ya sa nake bi ta Chatham Square, unguwar 'yan Sin, inda wata 'yar maƙabarta ke maƙale tsakanin gine-gine. Ta Yahudawa ce, filin tun 1682 suka saye shi.

Rukuninsu na farko da ya zo birnin mutum 23 ne, sun taso daga Recife ta Burazil a 1654, bayan Fotugal ta ƙwace garin daga hannun Holan. Lokacin New York na hannun Holan, sunanta New Amsterdam. Gwamna Peter Stuyvesant ya so ya kore su, amma kamfanin da ke mulkin garin daga Amsterdam ya hana, don akwai Yahudawa cikin masu hannun jarinsa. Sharaɗin dai su riƙe talakawansu da kansu. An hana su gina wurin ibada, sai a cikin gida, amma a 1656 aka ba su filinsu na farko na binne mamata, kafin na Chatham Square. Wani Bayahuden garin, Asser Levy, ya samu lasisin fawa, aka kuma ɗauke masa yanka alade. Duk wanda ya taɓa yawon neman naman halal a baƙon gari ya san nauyin wannan.

Majami'arsu ta farko sai a 1730 suka gina ta a titin Mill, shekara 76 da zuwansu. Mu kuwa da mun shekara goma muna salla a shagon haya sai mu fara ƙorafi.

Jama'ar, mai suna Shearith Israel, ita kaɗai ce a birnin har 1825. Ibadarta bisa al'adar Yahudawan Sifaniya da Fotugal take, alhali waɗanda suka fito daga Jamus da Folan sun rinjaye su a yawa. Ƙarshe waɗannan suka ware, suka kafa B'nai Jeshurun. Wannan kam bai ba ni mamaki ba. A masallacinmu ma ana ta ja-in-ja kan fassarar huɗuba, dattawa na son Hausa, yaran da aka haifa nan kuwa Turanci kaɗai suke ji, kuma har yanzu kwamiti bai yanke ba.