Ashe Sunan Ma Da Mai Shi

Yau da rana ina koyar da JavaScript, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, sai wata ɗaliba ta ɗora yatsa a kan littafinta ta ce, "Malam, me ya sa aka rubuta ECMAScript a nan?" Na bayyana mata cewa sunan JavaScript mallakin kamfanin Sun ne, da izininsa kamfanin Netscape ya laƙaba wa harshen a 1995, kuma da aka zo tsara ƙa'idojinsa a 1997 sai aka zaɓi wani suna daban, wato ECMAScript. Da kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, sunan JavaScript ya koma hannunsa.

Ta yi shiru tana juya biro. Har yanzu abin yana raina, domin shekara da shekaru ina cin abinci da harshen da ko sunansa ba na masu aiki da shi ba ne.