Me ya sa mutane ke daina zuwa taron jaridar ɗalibai

Mu a nan arewacin Kamaru duk wanda ke son karatun jarida sosai sai ya tafi Yawunde don can babbar makarantar koyon aikin jarida ta ESSTIC take, mu kuwa da muka tsaya a jami'o'in gida, ko Ngaundare ko Marwa da aka buɗe a 2008 ko Garwa da ta zo a 2022, kulob ɗin jarida shi ne makarantarmu. Ba albashi ba komai, kwamfuta ma ta aro ce, sai gurup na WhatsApp.

Abin da na lura da shi a namu kulob ɗin, ba wanda ke zuwa ya ce "na bari". Kawai za ka ga mutum ya daina zuwa, a ce ai malalaci ne, alhali in ka bi diddigi dalilin a hannunmu yake. Taro bayan magariba muke yi don lokacin samari suka sarara, to yarinyar da ke zaune gidan kawunta ta yaya za ta koma bayan isha, ga mai moto, wato ɗan acaɓa, ya ƙara kuɗi da dare? Da aka ce a maida shi Lahadi da safe kuma abokanmu Kirista suna coci. Asabar da hantsi ta raba gardama, kuma muka sauko da shi ƙasa saboda akwai mai keken guragu da bene ya hana shi zuwa.

Sai maganar Faransanci. Da shi jaridar ke fita, kuma akwai wata mummunar al'ada ta karanta kuskuren mutum a gaban kowa ana dariya, wlh na tsani abin nan. Wanda ake wa dariyar kuma shi ne zai shiga kasuwa ya zauna da mai sai da kifi su yi hira da Fulatanci ko Barbarci ko yaren Mafa, ɗaliban Chadi su kawo mana ta Larabcinsu, sannan wani mai zaƙin Faransanci ya gyara jimla ya sa sunansa shi kaɗai. Yanzu sunan duka biyun ke fita, gyara kuma tsakaninka da edita ne.

Amma inda ya fi min nauyi shi ne wa ake turawa wane labari. In abu ya faru a Mora ko Kolofata ko Fotokol, garuruwan da rikicin Boko Haram ya shafa, ko ana son rahoto kan sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da Mokolo, nan take ido zai koma kan ɗan yankin, "kai ɗan can ne, ka san hanya". E ya san hanya, amma wataƙila ɗan uwansa na cikin waɗanda aka binne. Lokacin ambaliyar 2024 wata 'yar Yagwa ta je ta ɗauko mana muryoyin mutane, ta dawo ta zauna da iyafis a kunne tana rubutawa, ta kai kan wata tsohuwa da ke lissafa buhunan shinkafarta da ruwa ya ci, sai ta cire iyafis ɗin ta kife wayar a kan tebur ta fita. Ashe gidansu ma yana cikin ruwan kuma ba wanda ya tambaye ta. Tun daga nan a keɓe ake tambayar mutum, in ya ce a'a shi ke nan ba sai ya kawo hujja ba, ba a tura mutum ɗaya irin wannan aikin, in sun dawo a dafa shayi a zauna da su kafin a ce ina rubutu. Hoton gawa kuma an hana jefa shi a gurup, akwai masu buɗe waya da tsakar dare.

Tsoro ma gaskiya ne fa. Iyayenmu ba su manta da Ahmed Abba na RFI Hausa ba, wanda aka kama a Marwa a 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, sai ƙarshen 2017 ya fito. In uwa ta ce wa ɗanta ya cire sunansa daga labarin tsaro, ba mu kiransa matsoraci, sai ya sa sunan aro ko ya koma shafin wasanni.

Kuɗi kam, mutum ya biya sefa dubu 50 na rajista da ƙyar, ba za ka ce ya sa kuɗin moto da data daga aljihunsa ba, daga ɗan karo-karonmu ake mayar masa. Lokacin jarabawa kuma jarida hutu take yi, ko wa ya ji haushi.

Inda har yau muka kasa shi ne kujerar babban edita. 'Yan mata sun yi yawa a taro yanzu, su ke kawo mafi yawan labaran da ake karantawa, amma da zaɓe ya zo sai a ba su ma'aji ko sakatariya, su ma wasunsu sai su ce ba sa son surutun mutane. Akwai ɗaya da muke lallaɓawa ta tsaya a zaɓen da ke tafe, ta ce sai ta yi shawara da yayarta tukuna.