Yadda sauyin motoci zuwa lantarki ya iso ƙaramar masana'antata

Sana'ata ƙera ƙananan sassan ƙarfe ce, irin waɗanda mai mota zai yi shekara goma yana tuƙi bai taɓa sa su a ido ba. Ina da ƙaramar masana'anta mai ma'aikata ƙasa da talatin, da injinan buga ƙarfe, da injinan sassaƙa waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, da ɓangaren walda. Ba ma sayar wa kamfanin mota kai tsaye. Muna sayar wa wani babban kamfani mai haɗa salansa da bututun mai, shi kuma ya kai wa masu ƙera motar, saboda haka duk shawarar da aka yanke a can sama sai ta bi ta hannu biyu ko uku kafin ta iso mana, kuma sau da yawa tana isowa ne a matsayin umarni. Shekaru da dama abin da ke ciyar da mu shi ne maƙalan salansa, da zobban da ke haɗa bututun hayaƙi, da faifan ƙarfe mai kare jikin mota daga zafin injin, da mahaɗan bututun mai. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da motar lantarki ke buƙata.

Wanda bai taɓa leƙa cikin motar lantarki ba zai yi wuya ya gane girman wannan magana. Ba ta da fistin, ba ta da fulogi, ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, kuma yawancinsu giya ɗaya tak gare su a maimakon akwatin giya mai ɗaruruwan sassa. Kuɗin da a da ake rabawa tsakanin dubban ƙananan masana'antu irin tawa ya tattaru a wurare kaɗan: batir, wanda shi ne sashe mafi tsada a motar, da injin lantarki, da na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin ke so, sai kuma manhajar da ke tafiyar da komai.

A shekarar 2021 ne maganar ta tashi daga hasashe ta koma alkawari. A watan Janairu General Motors, ƙarƙashin Mary Barra, ya bayyana burinsa na daina sayar da sababbin ƙananan motoci masu fitar da hayaƙi zuwa 2035. Volvo ya ce zuwa 2030 motar lantarki zalla zai riƙa sayarwa. Mercedes-Benz ma ya ambaci 2030, amma ya ƙara da sharaɗin cewa sai inda kasuwa ta ba da dama, sharaɗin da mutane kaɗan suka kula da shi a lokacin. A 2022 Ford ya ware ɓangaren motocin lantarki ya ba shi suna Model e da lissafinsa na kansa, sannan a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ce daga 2035 sababbin motoci ba za su fitar da iskar carbon ba. Mu a ƙasa abin da ya iso mana shi ne tambaya daga abokin cinikinmu: me za ku iya ƙera mana na motar lantarki, kuma yaushe za ku shirya? An nuna mana a fili cewa wanda ba shi da amsa ba zai shiga jerin masu samun sabuwar kwangila ba.

Dole in bayyana yadda kwangila take a wannan harka, domin a nan ne ciwon yake. Idan aka ba ka aikin wani sashe, ana ba ka hasashen adadin da za a buƙata kowace shekara har tsawon rayuwar samfurin motar, wanda yakan kai shekara shida ko bakwai. A kan wannan hasashe kake sayen inji, ka sa a sassaƙa maka mazubi, ka horar da ma'aikata, ka ci bashin banki, sannan ka raba duk kuɗin a kan kowane guda da za ka ƙera. Amma hasashen ba alkawarin saye ba ne. Abin da ya zama tilas a kan mai saye shi ne odar 'yan makonni masu zuwa kawai. Idan motar ta sayu, kowa ya samu. Idan ba ta sayu ba, injin yana nan a ɗakinka, bankin kuma ba ya sauraron labarin kasuwa.

Na shiga duk da haka, kuma ban yi nadamar shigar ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mun karɓi aiki iri biyu: sandunan tagulla masu ɗaukar wuta tsakanin sassan batir, da mahaɗan alminiyum na bututun ruwan da ke sanyaya batirin. Na ɗauka tunda ƙarfe ne, hannunmu ya riga ya saba, sai na tarar sabuwar makaranta ce. Maƙalin salansa yana yafe ƙura da ɗan kaifin baki, amma a cikin batir mai ɗauke da wuta volt 400 ko 800, ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ido ba ya gani yana iya haɗa wuta ya jawo gobara. Sai da muka killace ɗaki na musamman, muka sayi injin wanki, muka koyi duba tsabtar kaya da madubin ƙara girma. Mahaɗin ruwa kuwa kowane guda sai an gwada shi da matsin iska an tabbatar ba ya yoyo, domin ruwa da wutar batir ba sa ga maciji. Ita tagulla tana da laushi, tana manne wa wuƙar inji, ga tsada, har ragowar da ta zuba a ƙasa sai an auna an ajiye. Wani dattijon mai walda da ya fi kowa daɗewa a wurinmu ya yi watanni yana ɓata alminiyum kafin hannunsa ya faɗa, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba, domin alminiyum ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya narke yadda baƙin ƙarfe ke yi.

Muna gama shiri sai iska ta juya. A watan Disamba na 2023 gwamnatin Jamus ta dakatar da tallafin sayen motar lantarki ba zato ba tsammani, kuma a 2024 cinikin motocin lantarki zalla a ƙasar ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Fabrairu na 2024 Mercedes-Benz ya sassauta burinsa. Ɓangaren Model e na Ford ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023 da dala biliyan 5.1 a 2024, kuma a watan Agusta na 2024 kamfanin ya soke wata babbar motar lantarki mai layin kujeru uku da ya daɗe yana shiryawa. A watan Satumba Volvo ya janye alkawarin 2030, ya ce zai ci gaba da sayar da masu ruwa biyu, wato masu haɗa fetur da batir. A watan Disamba Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall a kan rage guraben aiki sama da 35,000 a Jamus zuwa 2030. Hatta manyan masu samar da sassa ba su tsira ba, domin ZF ya sanar a 2024 cewa zai rage har guraben aiki 14,000 a Jamus zuwa ƙarshen 2028.

A ɗakin aikina wannan ya bayyana ne a matsayin oda da ba ta kai rabin abin da aka yi mana hasashe ba. Sabon injin da na ci bashi a kansa yakan yi kwanaki a rufe da leda. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a lokaci guda aka dawo ana neman ƙarin maƙalan salansa cikin gaggawa, domin an tsawaita rayuwar motocin fetur da aka ce za a daina, alhali mazubansu sun tsufa kuma na daina kashe musu kuɗi bisa maganar da aka faɗa mini. Na tsinci kaina gaba kura baya sayaki: ina biyan bashin aikin da bai zo ba, ina kuma gyaran kayan aikin da aka ce na binne. Da na nemi a raba asarar, amsar da na samu ita ce a duba takarda, hasashe ba oda ba ne. Gaskiya suka faɗa bisa takarda, amma ba na ganin adalci ne wanda ya fi kowa ƙarancin ƙarfi ya ɗauki kason da ya fi nauyi na kuskuren lissafin da ba shi ya yi ba.

Ba na cewa manyan kamfanonin sun yi wasa ne. Matsalarsu ta gaske ce. Ribar motar fetur ce ke biyan kuɗin gina masana'antar lantarki, saboda haka kowace motar lantarki da ta maye gurbin ta fetur tana rage kuɗin da ake buƙata don a kammala sauyin, har sai ranar da ita ma ta fara kawo riba. Ga manhaja, wadda ta ba Volkswagen wahala tun fitowar motarsa ta lantarki ID.3 a 2020, har ya kai ga haɗa gwiwa da Rivian, kamfanin motar lantarki na Amurka, a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 5.8. Ga rage farashi da Tesla ya fara a farkon 2023, wanda ya karya darajar motocin lantarki na hannu, har kamfanin haya na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da guda 20,000 daga cikin nasa. Batir kuwa ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya ƙera shi. Northvolt, kamfanin batir na Suwidin wanda Turai ta ɗora wa fata, ya kasa fitar da kaya masu inganci da yawan da aka yi alkawari, BMW ya soke odar yuro biliyan 2 a 2024, kuma a watan Maris na 2025 Northvolt ɗin ya durƙushe a ƙasarsa. Duk mai masana'anta ya san wannan ciwo, domin ƙera guda ɗari masu kyau daban ne da ƙera miliyan ɗaya iri ɗaya ba tare da tulin na zubarwa ba.

Kamfanoni biyu ne na fi yawan tunani a kansu, kuma hanyoyinsu sun yi hannun riga. BYD na ƙasar Sin ya fara ne a 1995 a matsayin mai ƙera batir, ƙarƙashin Wang Chuanfu, kafin ya shiga harkar mota, saboda haka sashen da ya fi tsada a hannunsa yake. Ya daina ƙera motar fetur zalla a watan Maris na 2022, kuma a 2024 ya sayar da motoci sama da miliyan huɗu, fiye da rabinsu masu ruwa biyu da ake yi wa caji. Toyota kuwa, wanda ya fitar da motarsa mai ruwa biyu Prius tun 1997, ya ƙi ɗaure kansa da rana guda, shugabansa Akio Toyoda ya sha suka a kan haka, amma da kasuwa ta karkata ga masu ruwa biyu sai aka same shi da kaya a hannu. A ganina abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya gina shirinsa a kan abin da ya riga ya iya. Waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda suka fara sanar da shekara, sannan suka koma neman batir da manhajar da za su cika alkawarin.

Duk da haka kuskure ne babba mutum ya ɗauka motar lantarki ta gaza, kuma ina faɗa wa takwarorina haka duk lokacin da na ji suna murnar dawowar salansa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2024 an sayar da motoci masu caji sama da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar a duniya, kuma sama da miliyan 11 daga ciki a ƙasar Sin ne. A Norwe kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin wannan shekarar na lantarki ne zalla. Harajin kashi 100 da Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na Sin a 2024, da ƙarin harajin da Tarayyar Turai ta sa a ƙarshen Oktoban shekarar, wanda ya kai kashi 35.3 ga wasu kamfanoni, shaida ce cewa ana jin tsoron ƙarfinsu. Abin da ya fi damuna a matsayina na ƙaramin mai ƙira shi ne salon aikin waɗanda ke kan gaba. BYD yana ƙera yawancin sassansa da kansa, Tesla kuma ya kawo zuba ƙashin bayan motarsa Model Y a matsayin curi ɗaya na alminiyum a madadin sassa kusan saba'in da ake bugawa a haɗa da walda. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan saba'in aikin wata masana'anta ne kamar tawa.

Yanzu na sauya yadda nake karɓar aiki. Ba na sa hannu a kwangilar da ba a biya kuɗin mazubi tun farko ba, ko aƙalla aka rubuta mafi ƙarancin adadin da za a saya, kuma na rasa aiki biyu a kan wannan tsayuwa. Ina fifita injin da za a iya sauya masa aiki a kan wanda aka gina don sashe ɗaya tak, ko da ya fi shi jinkiri. Sandunan tagullar da muka koya saboda mota mun samo musu masu saye a wajen masu haɗa akwatunan rarraba wuta da manyan batiran ajiyar wutar rana, kuma wannan ne ya hana ni sallamar kowa a lokacin da oda ta yi ƙasa. Motoci masu ruwa biyu sun zame mana sauƙi na ɗan lokaci, domin suna buƙatar salansa da tagulla a mota ɗaya, sai dai ban ɗauke su matabbata ba. Matasa biyu da na ɗauka kwanan nan na fara da su ne a ɗakin tagulla da gwajin yoyo, dattijon mai waldar kuma shi ke koya musu alminiyum da rana, da safe yana kan layin salansa. Mazubin maƙalan da ya fi kawo mana kuɗi ya kusa ƙarewa, mai sassaƙa shi yana jiran amsata kafin ƙarshen wata, ni kuma na rubuta wa abokin cinikin cewa ba zan sa a yi sabo ba sai ya faɗa mini a rubuce shekara nawa motar za ta ƙara yi a kasuwa.