Talata, ranar ziyara

Ruwa ne ya tashe ni yau tun kafin zakara ya yi cara. Kwanon da muka sake rufawa bayan dawowarmu Michika yana yoyo ta kusurwar gabas, sai na tara roba, na zauna bakin gado da tocila da Littafi Mai Tsarki. Karatuna ya faɗo a Markus sura 2, labarin shanyayyen nan na Kafarnahum da mutum huɗu suka ɗauko, cunkoso ya hana su ƙofa, suka buɗe rufin ɗaki suka zuro shi gaban Yesu. Tun ina makarantar Lahadi na san labarin, amma yau aya ta 5 ta riƙe ni. Bangaskiyarsu Yesu ya gani, har da ta waɗanda suka sha nauyin. Shi kuwa mai ciwon, ko kalma ɗaya ba a rubuta ya furta ba.

Ƙarfe tara muka haɗu a majami'a, mu goma sha ɗaya cikin zanen Zumuntar Mata. Abin da muka iya tarawa bai taka kara ya karya ba: masara mudu uku, sabulu, sukari, da man gyaɗa kwalba ɗaya. Gidan 'yar ƙanwata muka nufa. Shekara shida da aure kafin Allah ya ba ta ɗa, makon jiya zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi yana da wata goma sha huɗu.

Mun same ta a tabarma, ta jingina da bango. Tuwon jiya na gefenta a rufe, miyar har ta yi fata. A ƙarƙashin gado na hango takalmin yaron, irin mai ƙara in an taka, ƙafa ɗaya a kife. Muka yi waƙa biyu a hankali, ba ganga ba tulu, shugabarmu ta yi addu'a. Sai wata cikinmu, da kyakkyawar niyya, ta ce mata ta share hawaye, mai bi ba ya kuka kamar marasa bege. Raina bai so maganar ba. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, baƙin ciki marar bege ya hana. Ubangiji da kansa ya yi hawaye a kan Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Muna yawan gaggawar rufe wa mai makoki baki da aya, kuma ina ganin don mu samu sauƙi ne mu da muke kallo.

Da suka tashi na ce su yi gaba. Na ɗumama ruwa na dama mata kunu. Ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

"Mama, zan faɗa miki wani abu, kada ki gaya wa Fasto. Ba na iya addu'a. In na rufe ido sai in ji kamar da bango nake magana."

Na ce, "'Yata, ni wata biyar na yi."

Ta ɗago ta dube ni. Ita yarinya ce a lokacin, ta san mun yi gudu, amma ba ta san wannan ba.

Ranar Lahadi 7 ga Satumba 2014 Boko Haram suka shigo Michika. Muka watse cikin duwatsu da kayan jikinmu. Babban ɗana, ɗan shekara goma sha tara, ya koma ɗauko kakarsa. Har yau ba shi ba labarinsa, ba kuma kabarin da zan nuna. Muka isa Mubi muna cewa mun tsira, ranar 29 ga Oktoba ita ma ta faɗi, har da hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi. A raina na ce, in gidan da ake koyar da fastocinmu bai tsira ba, ina kuma za a je? Daga nan sai Yola, harabar cocin Katolika na St. Theresa a Jimeta, inda Bishop Stephen Mamza, ɗan Bazza nan kusa da mu, ya buɗe wa dubban mutane ƙofa ba tare da tambayar ɗarikar kowa ba.

A can bakina ya mutu. Ina zuwa sujada, ina tsayawa in an tsaya, amma cikina fayau. Kusa da shimfiɗata akwai wata tsohuwa daga wajen Chibok, jikarta na cikin 'yan mata 276 da aka kwashe a watan Afrilu na shekarar. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Kullum da asuba takan matso, ta ɗora hannunta mai kaushi a gwiwata, ta faɗi Addu'ar Ubangiji da Hausa, a hankali, kamar mai koya wa yaro. Da fari ko amin ba na cewa. Bayan makonni na fara cewa amin. Daga baya na fara binta, amma in an zo wurin roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi shiru, ita ta wuce da shi, in sake kamawa a gaba. Tun daga gindin tsamiyar Garkida, inda aka yi sujadarmu ta farko a 1923, ekklesiyarmu take koyar da rashin ramuwa, da shi aka raine ni, amma ranar da abin ya zo kaina sai da wata ta riƙa faɗa a madadina. Har yau akwai safiyar da layin nan yake yi mini nauyi a harshe. Ina faɗarsa dai.

Duk wannan na ba ta, ban rage ba. Na kuma buɗe mata Zabura 13, ta ga Dawuda yana tambayar Allah har yaushe, sau huɗu a jere, aka kuma bar tambayar cikin Littafi. Na ce in abin da ke bakinta ke nan, ta faɗa, ai da Shi take magana.

Ta yi shiru mai tsawo. Can ta ce, "To in ban iya ko wannan ba fa, Mama?"

"Sai ki zauna kawai. Ni zan faɗa."

Na ɗora hannu a gwiwarta na fara. Ba ta bi ni ba, ba ta ce amin ba, amma ba ta janye ƙafarta ba. Kafin in fito ta shanye sauran kunun. Mijinta ya rako ni har bakin hanya, idonsa jawur, yana ta godiya. Shi ma ba wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Zan yi wa dattijon unguwarsu magana, maza su leƙa shi.

Da yamma na biya gona. Ciyawa ta cinye kunya biyu na gyaɗa, sai Alhamis in Allah ya kai mu. Na jiƙa gero, na sa wayata ta tashe ni ƙarfe huɗu da rabi. Daga nan zuwa gidansu tafiyar minti ashirin ce in rafin bai cika ba.